Bugun da Rariya Ta Zubar

"Kashe keken nan! Kin kai zuciyata ɗari da tamanin!"

Ta bango Baba Injiniya ya kwaɗa min wannan kira, ina tsakiyar ɗinkin wuyan riga. Na ɗage ƙafa daga kan keke, na zagaya ɗakinsa a fusace, almakashi a hannu. Bango ɗaya ne tsakanin shagona da ɗakinsa, kuma mun daɗe muna faɗa ta cikinsa.

Na same shi a kujerarsa, ƙafafu a kumbure kan matashi. Ya maƙale yatsansa da maƙalin shanyar kaya, wata 'yar koriyar fitila tana haskawa a ciki. Wayoyi sun bi ta kan tebur zuwa wani ƙaramin allo, lamba tana tsalle a kai kamar an taka mata wutsiya.

Ba injiniya ba ne, a gidan waya ya yi aiki har ya yi ritaya. Mu muka laƙaba masa sunan don tsokana, saboda duk matacciyar rediyo a layinmu ɗakinsa take ƙarewa.

"Baba, ni da zuciyarka me ya haɗa mu?"

"Injin kekenki. Fitilar nan jini take leƙe. Duk bugu, jini ya cika yatsa, haske ya canza, na'ura ta ƙirga. Amma ba ta da wayo. Kekenki, hasken taga, rawar hannuna, duk sai ta ɗauka zuciya ce."

"To ka yar da ita mana."

"In yar da ita in koma asibiti? Allah ya kiyaye."

Nan ne gizo ke saƙa. Likitoci sun gaya wa 'yarsa Auta gaskiya: zuciyar ta gaji, magani kawai zai riƙa lallaɓa ta. Wata guda ya yi a gadon asibiti, ya dawo yana rantsuwa ba zai sake kwana ƙarƙashin fitilar da ba shi ya haɗa ba. Auta ta yi kuka, ta yi faɗa, daga ƙarshe suka yi yarjejeniya. Zai zauna a gida, amma kullum in ta taso daga aiki za ta duba na'urar. Ranar da lamba ta wuce ɗari da goma, mota za ta kira, ba wata gardama.

Sai ya duƙufa. Ina ɗinki ina jin ƙaurin dalma ta taga. Ya naɗe maƙalin da baƙin tef don kada hasken rana ya shiga. Ya gajarta wayoyi. Ya zauna gaban tsohuwar kwamfutarsa yana danna haruffa da yatsa ɗaya, yana zagin ta ƙasa-ƙasa. Abin da yake rubutawa, wai rariya ce. Za ta tace hayaniya ta bar bugun gaskiya.

"Zo in gwada ki," ya ce wata rana. Na sa yatsa, ya ce in girgiza hannu. Lamba ta tsaya cak a saba'in da huɗu.

"Ashe kina da zuciya," in ji shi.

"Ta fi taka lafiya."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Wallahi na ji daɗin nasarar nan kamar tawa ce. Na koma na taka kekena son raina, ban sake jin ihu ba.

Auta ma hankalinta ya kwanta. Ta shigo da jaka a kafaɗa, ta ga saba'in da takwas, ta gyara masa matashi ta tafi ɗaukar yaranta. Amma ni da nake yini a gefensa, idona ya ga abin da allo bai nuna ba. Leɓensa ya yi duhu. Daga kujera zuwa bakin ƙofa sai ya tsaya ya dafa bango.

Wata safiya na kai masa shayi, na tarar yana haki, gumi na tsatsafowa a goshi. Na dubi allo. Saba'in da takwas, zaune daram.

"Baba, wannan abin ƙarya yake yi."

"Ba ƙarya yake ba. Tacewa yake."

"Me yake tacewa? Keke a kashe yake."

Ya kalle ni ido cikin ido. "Duk bugun da ya zo da gaggawa, ko ya makara, rariya tana ɗauka hayaniya ce, ta zubar. Da farko don kekenki na yi. Da na ga nawa ma haka suke zuwa, sai na ƙara matse ta."

Raina ya ɓaci. "Yarinyar nan ta yarda da kai!"

"Ɗakina ne. Zuciyata ce. Ba wanda zai ɗauke ni kamar buhu."

"Ban ce a ɗauke ka ba. Amma ko ka gaya mata yau, ko ni in gaya mata. Ba za a haɗa baki da ni a yaudari 'yar mutane ba."

"Munafuka."

"Na ji. Sha shayinka."

Yinin nan bai yi min magana ba, ni ma na ɓata ɗinki biyu. Da yamma na ji takun Auta, na bi ta ciki ba tare da an gayyace ni ba. Ya harare ni, ya jawo kwamfutar.

"Auta, zauna. Zan nuna miki abin da ke bayan lambar."

Ya danna wani abu. Lamba ta ɓace, wani zare ya fito yana gudu a allo. Tudu biyu a manne, sai fili, sai uku a guje, sai wani ɗan guntu da ƙyar ya ɗaga kai.

"Wannan hayaniyar keke ce?" ta tambaya.

"Ni ne."

Ta daɗe tana kallo. Sai ta zaro waya. "Tashi mu tafi, Baba."

"Ba na zuwa."

"Ka yi min alkawari!"

"Na yi, na karya, ki yafe min. Amma ki tambaye su, in na je, za su dawo min da ita sabuwa? In sun ce e, da ƙafata zan shiga motar."

Ta kira likitan a gabanmu, ta fita tsakar gida. Ta dawo idonta jawur. Ta cire takalmi, ta jawo kujera kusa da tasa. Washegari ta ɗauki hutu a wurin aiki, aka turo ma'aikaciyar jinya ta riƙa leƙo shi da maganin sauƙaƙa numfashi.

Bai sake kunna rariyar ba. Kullum su biyu suna kallon zaren, yana yi masa tsiya. "Dubi wannan, ya makara kamar mijinki." Ta yi dariya tana share ido. Ranar da ma'aikaciyar ta sake kawo maganar asibiti, Auta ce ta riga shi amsawa: "Yana nan inda yake."

Wata la'asar Auta ta kira ni ta bango, da muryar da ban taɓa ji ba. Na shiga. Kansa ya jingina gefe, bakinsa a ɗan buɗe, ƙirjinsa ba ya motsi. Na taɓa wuyansa, na yi salati a raina.

"Anti, duba," ta ce. "Ya daidaita. Duba yadda ya daidaita."

Na duba. Tudu bayan tudu, kansu ɗaya, masu ƙarfi, suna tafiya a jere. Sai na kalli hannunsu. Ta damƙe nasa da hannu biyu, maƙalin ya zame daga yatsansa, babban yatsanta ne a kan 'yar koriyar fitilar.

Na zauna a hannun kujera, na dafa kafaɗarta. Muka ci gaba da kallon allon.