Wayar da ke Ƙarƙashin Katakon Jirgi

Kamaluddeen riwaya ne a Jega, wato mai gyaran wutar mota. Rumfarsa tana bayan inda motocin Aliero ke lodi, kuma shekara goma sha ɗaya yana wurin ba a taɓa dawo masa da aiki an ce ya yi ha'inci ba. Shi ya sa da mutanen wani ƙauye na bakin gulbi, can gaba da Mungadi, suka haɗa hannu suka sayi babban kwale-kwale mai inji, shi suka kira ya haɗa musu wuta. Da damina idan ruwa ya cika, hanyarsu yankewa take yi. Jirgin ne ke kai su kasuwar Jega, shi ne kuma ke fitar da marar lafiya.

Injin mai kiyi ne, wato makulli irin na mota, batir ke tayar da shi. Akwai kuma ƙaramin janareta da aka ɗaure a goshin jirgin, yana ba firijin kifi wuta, yana kuma cajin batirin. Kamaluddeen ya ja waya mai kaurin ɗan yatsa, ta jan ƙarfe zalla, daga wurin batir har injin da ke baya, ya bi da ita ƙarƙashin katakan da ake takawa don kada ƙafa ta same ta. Matuƙin jirgin kuwa Ɗantsoho ne, abokinsa tun suna yara, kuma yayan matarsa Rukayya. Shi ne ma ya kai sunansa gaban dattawan ƙauyen.

Wata huɗu jirgin yana aiki lafiya. Sai wata ranar kasuwa, ya ɗauko mutane cike da kaya, har da wata mata Zinatu da naƙuda ta zo mata da gardama za a kai ta asibiti. Suna tsakiyar ruwa aka tayar da janareta saboda kifi, ba a jima ba injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Ɗantsoho ya murɗa kiyi, sai ƙas-ƙas. Aka ja igiyar tayar da injin, shiru. Ruwa ya ɗebe su ya yi ƙasa da su, mata suna salati, sai da masunta suka biyo su da ƙananan jirage suka jawo su gaɓa. Zinatu a cikin jirgin ta haihu, mata sun kare ta da zannuwa. Allah ya kiyaye, ita da jaririyar suka rayu.

Washegari aka aika wa Kamaluddeen. Ya hau babur ya iso da hantsi, ya tarar da mutane sun cika bakin gulbi, Malam Attahiru shugaban masu jirgin yana zaune kan tabarma.

"Kamalu," in ji dattijon, "mun ba ka amana. An ce muna wayar da kas sa ce ba ta da kyau."

"Baba, wa ya ce?"

Sai Ɗantsoho ya gyara tsayuwa, idonsa a kan ruwa, ya ce, "Ni dai tuƙi na sani. Amma tun ranar da anka haɗa wutar ga nike jin ƙauri-ƙauri in janareta na aiki. Na yi shiru ne don kunya."

Maganar ta soki Kamaluddeen, amma nan take ya nema wa abokinsa uzuri a zuci. Mutum ya ga mutuwa jiya da rayuka a hannunsa, dole ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Ya roƙi a ba shi kwana biyu. Aka ba shi, ba don an yarda da shi ba.

Ya fara da abin da kowa zai fara. Ya kwance fulogi, lafiya lau. Ya duba mai ko ruwa ya shiga, babu. Ya sa mita a kan batir, ya ga wutar ta yi ƙasa ƙwarai, kamar ba a taɓa cajinsa ba. Ya tayar da janareta ya auna, wutar da yake bayarwa cif take. To ina take zuwa? Ya aro batirin wata motar ɗaukar albasa da ta zo daga Aliero, ya ajiye shi dab da injin, ya haɗa kai tsaye da gajeriyar waya. Murɗawa ɗaya injin ya tashi, yana ruri kamar sabo. Ya bar shi yana aiki, ya tayar da janareta. Minti goma ba a cika ba injin ya yi tari ya mutu.

Ya zauna a gefen jirgin yana goge gumi. Injin lafiya, janareta lafiya, amma ba sa zama tare.

Ɗantsoho bai bar wurin ba tun safe. Shi ke miƙa masa fulaya, shi ya aika gida aka kawo fura. "Ni na fi zargin janaretan ga," ya ce. "Kayan zamani ne, ba su da ƙwari. Ka ce musu shi ne, a canza, magana ta mutu."

"Janareta bai yi laifi ba."

"To kiyin fa? Ka kwance kiyin ka gani."

Kamaluddeen ya kwance kiyin don ya faranta masa, rabin yini ya tafi a banza. Da la'asar ya koma Jega, ya tarar labari ya riga shi. Wani direban bas da ya bar masa mota da safe ya zo ya ɗauke abarsa, wai ya fasa gyaran. A gida Rukayya ta ajiye masa tuwo bai iya ci ba. Ta ce, "Ka kwantar da hankalinka, ai Yaya na can, ba zai bari a ci mutuncinka ba."

Rana ta biyu ya zo da doguwar waya ta gwaji. Ya duba babbar wayarsa a wurin batir, tana nan da kaurinta. Ya duba ta wurin injin, nan ma haka. Amma da ya auna bakin nan da bakin can, janareta yana aiki, sai mita ta nuna wuta tana ɓacewa a tsakani. Wayar da ya sa ba za ta yi haka ba. Ya durƙusa ya kai hancinsa tsagar katakan, ƙaurin roba ya buge shi. A nan ne ya lura ƙusoshin katakan tsakiya guda uku ba irin nasa ba ne. Nasa masu faɗin kai ne, waɗannan ƙanana.

"Miƙo mini guduma."

"Mi za ka yi da ita?" in ji Ɗantsoho. "Kar ka ɓalle katakon mutane, su ƙara ma wani laifin. Can ƙasa ba komai sai ruwa."

Kamaluddeen ya tashi ya ɗauko gudumar da kansa.

Da katakon farko ya ɗaga, sai ya tsaya kawai yana kallo. Babbar wayarsa an yanke ta, an bar kamar kamu biyu a kowane baki don ido ya gani. Duk tsakiyar, wajen taku shida, an ɗauke. A madadinta an ƙulla wata siririyar waya irin ta ƙwan fitilar ɗaki. Wutar caji ta fi ƙarfinta, ta yi ta zafi har robarta ta narke, ta manne da ƙaramar wayar da ke kashe inji. In janareta ya tashi waya ta ɗau zafi, jirgi yana girgiza, sai tsiraran wayoyin su haɗu, inji ya mutu kamar an kashe shi da hannu.

Ya warware salatif ɗin da aka naɗe mahaɗin da shi. An raba silin wayar gida biyu an saƙa su kafin a murɗe, yadda shi yake yi, yadda ya koya wa mutum ɗaya tak a ƙauyen nan ranar da suke haɗa jirgin. Sai dai murɗin ya tafi ta hagu. Ɗantsoho bahago ne.

Kamaluddeen ya ɗago kai. Ɗantsoho ya zauna a kan firijin kifi, ya cire hula yana murza ta.

"Ina wayata?"

Ɗantsoho ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Tana fadama. Na sa sola ga rijiyar da nike ba irin albasa ruwa, wayar da ad da ni ba ta jan famfon. Na ce in ara sati biyu, in irin ya kama in maido. Wallahi ban san za ta kai haka ba."

"Ka ara." Kamaluddeen ya nuna masa ƙonanniyar wayar. "Mutum nawa ne cikin jirgin ga shekaranjiya? Wannan ma bar shi, ka ce ba ka sani ba. Jiya fa? Ka tsaya gaban Baba Attahiru ka ce kana jin ƙauri tun ranar da na haɗa. Ka miƙa mini fulaya yini guda, ka kawo mini fura, kana kallona ina neman abin da kai ka binne."

"Tsoro na ji, Kamalu. In sunka sani za su karɓe jirgin, su kore ni garin ga. Kai kana Jega, kwana biyu an manta."

Wannan ce ta fi yi masa ciwo. Ashe an zauna an auna, an ga shi ne ya fi sauƙin zubarwa.

Kamaluddeen ya miƙe. Ya hau babur ya koma Jega ya yanko sabuwar waya, ya dawo ya shimfiɗa ta, ya raba ta da wayar kashe inji, ya sa fiyus kusa da batir. Kafin la'asar injin da janareta suna aiki tare, ya zaga da jirgin har tsakiyar gulbi ya dawo ba ko tari. Ƙonanniyar wayar kuwa ya naɗe ya sa a jakarsa. Da zai tafi ya ce wa Ɗantsoho, "Jibi Juma'a. In anka sauko masallaci ka faɗa musu da bakinka. Saboda Rukayya na ba ka wanga lokaci."

"Na yi alkawari."

Ranar Juma'a Kamaluddeen ya zo ya yi salla a ƙauyen. Bayan an sallame aka taru a ƙofar gidan Malam Attahiru. Dattijon ya tambayi abin da aka gano. Kamaluddeen ya dubi Ɗantsoho. Ɗantsoho ya miƙe, ya yi gyaran murya, ya ce ɓeraye ne suka shiga ƙarƙashin katako suka ci waya, da ma robarta ba mai ƙwari ba ce, amma yanzu an sa mai kyau, a yi wa Kamalu haƙuri, kowa yana kuskure.

Wasu suka fara gyaɗa kai. Kamaluddeen ya matso gaba. Ya buɗe jaka, ya fito da ƙonanniyar wayar, ya ajiye a tabarma gaban dattijon.

"Baba, ɓera bai san salatif ba. A tura mutum biyu rijiyar Ɗantsoho ta fadama, su dubo wayar da ke jan famfo, su zo da ita a gwada da guntayen wayata da na cire daga jirgin."

Ba a ma tura kowa ba. Mijin Zinatu ne ya miƙe ya yi kan Ɗantsoho, aka rirriƙe shi. Ɗantsoho ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula. Malam Attahiru ya daɗe yana juya wayar a hannunsa, sannan ya miƙa hannu ya ce a ba shi kiyin jirgin. Ya juyo ga Kamaluddeen ya ce, "Mun zalunce ka, ɗana. Ka yafe muna." Kamaluddeen ya ce ba komai, amma bai ji wani sanyi a ransa ba.

A gida ya faɗa wa Rukayya duk yadda aka yi, bai rage ba bai ƙara ba. Ta yi kuka sosai. Ta ce da ya sani ya bari ta je ta sami yayanta tukuna, sannan ta ce a'a, ba ta san abin da za ta ce masa ba ko da ta je. Kwana uku ba ta da walwala, a na huɗu ta shirya ta tafi ƙauye gaida mahaifiyarsu, bai hana ta ba.

Masu motoci suka dawo rumfarsa a hankali, wasu kuma ba su dawo ba, don labarin farko ya fi na biyu saurin tafiya. Jirgin aka ba wani masunci. Ɗantsoho ya koma Aliero yana dakon albasa a kasuwa. Bayan Babbar Salla an yi suna a gidan wani ɗan'uwan Rukayya, suka haɗu a ƙofar gida. Ɗantsoho ya miƙo hannu biyu. Kamaluddeen ya karɓa, ya amsa gaisuwa, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya wuce ya nemi wuri a ɗaya tabarmar ya zauna.