Riguna Biyu a Ƙofar Maren

...shi ya sa na ce ba zan sa baki ba. Na faɗa maka, Curtis, na faɗa wa kaina, bakina ƙanin ƙafata. Riguna biyu na rataye mata a ƙofar ɗaki tun da sassafe, ja da shuɗiya, na sauko kicin abina. Ta zaɓa. Yau ɗaya ga Mayu, duk 'yan ajin ƙarshe za su shiga makaranta kowa da rigar jami'ar da ya ɗauka a jikinsa, kafin rana ta ƙare kuma a biya kuɗin kama gurbi, shi ke nan an rufe magana. Kai kana can kana tuƙa tirela a wani lungu na jihar Wyoming, ka bar ni da bugun zuciya da kwaɓin kolace, burodin nan namu mai zaƙi da 'ya'yan itace a tsakiya.

Jami'a biyu, Baban Maren. Biyu... ni Loretta, da na gama sakandare da ƙyar da jiɓin goshi, yau 'yata ce jami'o'i ke rubuto wa takarda suna lallashi. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Dariya nake ni kaɗai a gaban tanderu, kare yana kallona kamar na zautu. To ya kalla.

Ja ta jami'ar jiharmu ce. Nebraska, awa biyu a mota, kuɗin karatu duka sun ɗauke mata, namu ɗaki da abinci kawai, wannan kam ko da kiwon kajina na iya. Juma'a ta taho gida da kayan wanki, Lahadi in cika mata kwali da kolace ta koma. Wa zai ƙi? Mutum mai hankali ba ya tsayawa tunani a nan.

Shuɗiyar kuwa... ta jihar Oregon. Bakin teku. Mil dubu ɗaya da ɗari biyar, na auna a taswirar motarka da zare. Ɗan jiha ya biya kaɗan, baƙo ya biya ninki uku, sai ka ce kujerar da za ta zauna a kai daban ce. Dala dubu arba'in da ɗaya a shekara. Sun ba ta tallafin dubu ashirin da huɗu, har da wasiƙa mai tambari suna yaba mata, an gode, saura sha bakwai kuma su fito daga ina? Sha bakwai sau huɗu — ba sai na ƙirga ba, na ƙirga a bayan takardar kuɗin wuta, na ƙirga a coci ana tsakar wa'azi, Allah ya yafe mini.

Teku. Yarinyar da ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin gonar maƙwabcinmu Harlan girma ba. Shekararta shida, ka tuna, ta cika komin ruwan shanu da talibambam, shanu suka ƙi sha, ka yi ta faɗa, ita kuma ta tsaya ta riƙe ƙugu, "Baba, su ma ai gidansu ne." Kowanne da sunansa. Guda ya mutu aka yi jana'iza a bayan rumbu, ni na riƙe fure. Tun daga nan ba ta sauka ba, kifi, ƙaguwa, wannan abin mai hannu takwas da ta liƙa hotonsa a saman gado, ni in na shiga shara sai na kau da kai.

Laifinka ne kuma, kada ka yi musu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wa ke dawo mata da kwalbar yashi daga kowace tafiya? Wa ke cewa hanya ba ta cizo?

Kolace... kai, saura kaɗan su ƙone. Na ceto su. Na 'ya'yan itacen ceri ta fi so, na zuba mata har ya yi yawa, ya malalo gefe.

Shiru a sama. Ruwan wanka ya tsaya tun ɗazu. Ta buɗe ƙofa ke nan? Ta gan su? Katakon nan na bakin ɗakinta da ka ce za ka gyara tun bara bai yi ƙara ba tukuna.

"Mama, ta gida ma tana da kyau," ta ce mini ranar Lahadi, tana goge kwano ɗaya har sau uku. "Akwai darasin halittun ruwa a can ma. Na kogi." Na kogi. Tana murmushi, irin murmushin da take yi in an ba ta safa a Kirsimeti. Na ce mata duk wadda kika zaɓa daidai ne, 'yar nan. Ta ce ta sani. Muka yi ta yi wa juna ladabi kamar baƙi a tashar mota.

Ta ga takardar wutar nan, na san ta gani. Na bar ta a kan firji da lissafina a baya, wauta irin tawa.

Filin ciyawar Babana. Eka tamanin, Harlan ya yi shekara biyar yana zagaye shi kamar kyanwa da kitse. "Loretta, duk ran da kika shirya, kin san lambata." Na sani mana, tsohon wayo. Da kuɗinsa a biya Oregon har a yi saura. Ban gaya mata ba. Kai kaɗai na gaya wa a waya, ka ce, "Filinki ne, ni ban da ta cewa." To ai matsalar ke nan, kowa a gidan nan ba shi da ta cewa. Gida guda, mutum uku, kowa ya kama bakinsa saboda kirki.

A filin nan Baba ya koya mini tuƙa tarakta, ina kan cinyarsa, ƙamshin ciyawa da taba. Zan iya wucewa kullum in ga shanun Harlan a ciki? Zan iya... ban sani ba. Baba da kansa da yana nan me zai ce? Shi da ya sayar da dokinsa don a gyara mini haƙora, bai taɓa tada maganar ba har ya koma ga Allah.

A'a. Ban sa baki ba, ba kuma zan sa ba. Adalci na yi: riga biyu, girma ɗaya, maratayi iri ɗaya, har na tsaya na daidaita su don kada wata ta fi wata tsawo. Wadda ba ta sa ba in mayar kanti a ba ni dala arba'in da biyar ɗina, ba a tsintar kuɗi a ƙasa. Ja tana nan da takardar farashinta a hannun riga, sai dai in kai musu kawai. Shuɗiyar kuma da ta zo ta gidan waya...

Shuɗiyar.

Na wanke ta.

Ranar Talata. Ta zo tana warin leda, na ce yarinya ba za ta sa wannan a jikinta ba, na yanke takardar, na jefa ta cikin wanki da tawul ɗinmu, na shanya a igiya, har na goge. Ja kuwa tana cikin jakarta a ƙasan gado sai yau da safe na ciro. Wa ke karɓar rigar da aka wanke? Ina hankalina yake? Kwana uku ina yawo ina cewa bakina ƙanin ƙafata, ashe hannuna ya riga ya yi magana.

Kuma za ta lura. Maren ce fa, wadda ke gane talibambam ɗaya a cikin ɗari. Riga guda da farashi yana lilo, guda tana ƙamshin sabulun gidanmu, mai laushi, a shirye. Curtis, ka ji abin da matarka ta yi? Ka yi dariya, na ba ka izini, ni ma ita nake yi, har da hawaye a kan kolacen mutane.

To ashe so nake ta tafi? Ni da na ce awa biyu ma ta yi nisa? Ni da zan zauna a teburin nan da kujeru biyu babu kowa, kai a hanya, ita a bakin duniya, Kirsimeti kaɗai, shi ma in tikitin jirgi ya yi sauƙi? So nake ta tsaya a ruwan nan har gwiwa, ta kira ni, ta kara mini waya in ji ƙararsa. So nake. Daɗi nake ji, tsoro nake ji, duka a wuri guda, kamar ranar da aka miƙo mini ita a asibiti.

Katako ya yi ƙara.

Ta fito. Tana tsaye. Maratayi ya taɓa ƙofa — ɗaya ne ko biyu? Motar makaranta saura minti goma sha biyu. Ki sauko, 'yar nan, ko wacce ce zan rungume ki, na rantse zan...

"Mama, ina almakashi?"

Almakashi.

Riga ɗaya ce tak ke da abin yankewa.

Ko zare ne ya zaro mata? Ko gashi? Tana yanke gashin goshinta da kanta, ta saba... a'a, Loretta, kin san muryar nan. Muryar Lahadi ce, muryar kwano sau uku. Ta ga lissafina, ta yi nata, ta zaɓa mana sauƙi, ni da kai da filin Baba.

Ga shi nan a aljihun tebur, mai jan hannu, inda yake kullum shekara ashirin. Na ɗauka. Na sa a aljihun gaban rigar girkina. Me nake yi?

"Mama?"

Ban taɓa yi mata ƙarya ba, ba kuma zan fara yau ba, amma ba dole ne in amsa da wuri ba. Matakala sha huɗu ce tsakanina da ita. Lambar Harlan na kan firji. Na yi alkawari ba zan sa baki ba, na sani, na sani... ƙafata na kan ta farko, hannuna duk gari, almakashi na dukan cinyata, ban ma san da wace kalma zan fara ba.