Abin da Ya Sauka a Wayata

…to ga shi nan dai, Marleny, sai juyawa yake, ɗan zoben nan a fuskar waya. Wai "a haɗa da na'urar gida." Wace na'ura? Tana can birnin Bogotá ƙarƙashin gadonki, ni kuwa ina kan dutse, ƙauyen Mama, inda ba a san sabis ba.

Ba laifinki ba ne, 'yata. Wata da watanni kina juye kaset-kaset ɗin waƙoƙin kakanki cikin tsohuwar kwamfutar nan, wasu har sun yi funfuna, kina bi da auduga… "Danna nan kawai, duk waƙoƙin za su sauka, ko ba sabis za ki ji." Na danna, Allah na gani. Ashe sunayen kawai manhajar ta riƙe. Ga su nan reras, kowanne na taɓa, shiru.

Mama na zaune a hantsi, bargon ulu a kafaɗa. Ɗazu ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Ni Nidia, 'yar farinta… Likita ya ce wani lokaci kiɗa kan taɓo abin da mantuwa ta binne. Abin da ya hawo da ni ke nan, cikin motar da ta kusa zazzage min hanji.

Ɗaya ce ta sauka. Ɗaya tak, kuma ba waƙa ba ce ma. Na san ta: Baba ne yana ɗaura tsirkiyar jita, ga tari, ga kaji a bayansa. Me ya sa ita? Ina waƙar da ya yi ranar aurena, yana tsaye a tsakar gidan nan, hula a karkace, mata na share hawaye — a'a, waccan tana Bogotá.

In danna? In ta nemi kalmar sirri kuma fa, ita ma ta tafi?

Na danna.

Tari. Tsirkiya. Sai muryarsa, yana kiran Mama: "Herminda, kin sake ƙona wainar masarar nan, tun daga nan nake jin ƙauri."

Mama ta ɗago kai.

"Maƙaryaci," ta ce. "Ba kai ka tsare ni da surutu ba?"

Dariya take, dasashi a waje… rabon da in ji wannan dariyar tun ranar da muka kai shi makwanci. Allah ya yi miki albarka, Marleny, ya ba ki masu yi miki. Manhajar banzar nan ma na yafe mata, duniya da lahira.

Sai dai ba ni take kallo ba. Ƙofa take kallo. Tana gyara gashinta da yatsu, tana matsawa gefen benci, tana ba shi wuri…

Muryar ta kusa ƙarewa. In ya yi shiru ta ce ina ya shiga — me zan ce mata? In sake dannawa, ya sake jin ƙauri, ta sake matsawa…

Yatsana na kan wayar. Ya ƙi sauka, ya ƙi tashi.