Burodin Dikin Gattas

Duk wanda ya taso a ƙauyenmu, kudu da Minya, ya san tarihin gidan Dikin Gattas, mai hidimar coci, ko ba ya so. Shekara arba'in yana tsayawa kusa da bagadi a cocinmu, cikin farar riga, yana kaɗa kuge yana ja wa mutane waƙa da muryar da ta fi ta limaminmu Abuna Bakum ƙarfi. Da an tashi daga sujada sai ya tare bakin ƙofa ya fara. Kakansa Fanus, in ji shi, mai gonaki ne, shi ya ba da filin da aka gina cocin. Ubansa kuwa sai da izininsa ake buɗe ruwan ban gona. Shi kansa a yaƙin Sina'i ya ƙone tankoki uku, a nan ya samo ɗingishinsa.

Yayarsa Damyana, wadda ta girme shi da shekara tara, ba ta raga masa. In mata sun tambaye ta sai ta ce, "Kakanmu taki yake ɗauka a kan jaki. Bukkarsa ce a bayan coci, da ta rushe aka haɗe wurin da makabarta. Kyautar ke nan."

Ranar da aka gama gyaran coci, bishop ya zo keɓe shi. Gattas ya maƙala lambar soja a kan farar rigar, abin da Abuna ya hana shi sau biyu. Cikin baƙin da suka biyo bishop akwai wani tsoho mai hannu ɗaya, sunansa Mitri, daga wani ƙauye a hayin kogi. Ana cin abinci a farfajiya sai ya ƙura wa Gattas ido, ya tashi, ya rungume shi yana kuka.

"Gattas mai burodi," in ji shi. "Ashe kana raye."

Gattas ya janye jiki. "Baba, ina ji ka yi kuskure."

"Ni zan manta ka?" Mitri ya juya wurin bishop. "Sayyidna, wannan shi ne mai gasa wa rundunarmu burodi. An ritsa mu a rami kwana uku, mu goma sha ɗaya, ba ci ba sha. Direbobi suka ƙi zuwa. Shi ya goyo buhun burodi da jarkar ruwa, yana jan ciki a rairayi. Sau huɗu ya zo. A na huɗun ne ƙarfe ya same shi a gwiwa, kuma da ƙafar nan ya ja ni baya, hannuna yana reto. Bindiga ko sau ɗaya bai harba ba."

Bishop ya miƙa hannu zai sa wa Gattas albarka a ka. Da wani ne, da ya sunkuya ya gode wa Allah. Namu kuwa fuskarsa ta yi baƙi ƙirin, don abin da ya ji kawai shi ne an kira jikan Fanus mai gashin burodi a gaban jama'a.

"Sayyidna, tsufa ya taɓa mutumin nan," ya ce. "Gidanmu ba a taɓa yin mai tanda ba."

Damyana ta ajiye cokali. "Tanda ai ci gaba ne a gidanmu, Gattas. Zauna ka ci abinci."

Bai zauna ba. Ya tafi gida ya bar Mitri a tsaye. Damyana ce ta kai tsohon ɗakinta, ta dafa masa shayi, ta sa ya maimaita mata labarin tun daga farko, domin ita ma ba ta taɓa ji ba.

Mun so mu girmama Gattas bayan haka, ya hana mu. Wanda duk ya yi masa zancen ramin, sai ya daina amsa gaisuwarsa. Ya ma nemi Abuna ya yi wa'azi a kan masu ɓata sunan dattawa. Abuna ya ce zai duba.

Bayan shekara biyu ɗan Mitri ya ƙetaro kogi ya zo. Ya ce ubansa ya rasu, kuma ya bar wasiyya Gattas ne zai ja waƙa a addu'ar arba'in. Gattas ya karɓe shi a tsaye a zaure, ya ce ranar yana da uzuri, kuma kwale-kwale yana sa shi jiri.

Ran arba'in Damyana ta yafa baƙin mayafinta, ta shiga kwale-kwalen ita kaɗai. Muna gaɓa muna kallo, sai mu shida muka ji kunya muka bi ta.