Waya Mai Sili Ɗaya

A layin masu gyara ba wanda ke kiranta da sunanta. Tun da ta gama makarantar koyon aikin lantarki ta zo ta zauna a shagon kawunta, aka laƙaba mata Injiniya, rabi girmamawa, rabi tsokana. Kawu yana gyaran rediyo da fanka. Ita kuwa tana da ɗan teburi a lungu inda take haɗa feda, wato ƙaramin akwatin ƙarfe da mai kaɗa jita ke ajiyewa a ƙasa, ya taka da ƙafa, muryar jitar ta yi kauri ko ta yi amo. In ta fara yi wa maƙwabta bayaninsa, sai su ce, "To, Allah ya taimaka," su koma hirar ƙwallo.

Mutum ɗaya ne ya damu da aikin nata, shi ne yayanta, mai kaɗa jita. Shi ma yau kusan mako biyu ke nan bai ɗaga wayarta ba.

Abin da ya faru shi ne, wata ƙungiyar makaɗa ta kira Yaya gwaji. Ta haɗa masa feda sabuwa fil. Da ta zo ɗaura wayoyin ciki, ta dubi tarkacen da ke kwalin Kawu, wayoyi masu laushi da ke lanƙwashewa yadda suka ga dama, ta yatsine fuska. Ta zaɓi waya mai sili ɗaya, mai tauri, wadda in ka lanƙwasa ta take tsayawa inda ka sa ta. Ta yanka kowace daidai wa daida, ba ragowa, ta jera su kamar layin littafi. Har hoto ta ɗauka.

Ashe kyan ɗan maciji ne. Ranar gwajin, a tsakiyar waƙa ta biyu, Yaya ya taka feda, jita ta yi tsit. Ya durƙusa yana jijjiga igiyoyi a gaban mutane. Suka ce za su neme shi, suka ɗauki wani. Washegari ya zo shago, ya dire akwatin a teburinta, ya gaida Kawu, ya fita.

Sai da ta yi kwana goma kafin ta iya kwance shi. Waya ɗaya ce ta karye, daidai gindin makunnin da ake takawa. Duk takun da Yaya ya yi, makunnin yana ɗan motsawa, silin kuma ba shi da inda zai bi. Ya jure, ya jure, ya ɓalle a cikin robarsa, yadda ko ido ba ya gani.

Kawu ya leƙo ta saman tabarau. "A gindin makunni ne, ko?"

"Ya aka yi ka sani?"

"Ai tun ranar da kike jerawa na gani. Abin da ƙafa ke duka ba a sa masa mai tauri. Kuma ana barin ragowa."

Ta ajiye ƙarfen dalma. "Kawu, ka gani, ka yi shiru?"

"To, 'yar nan, ke mai takarda, ni zan koya miki? Na ce kada in shiga abin da ba a sa ni ba."

Ya koma kan fankarsa, hankali kwance. Haka muke. Mutum ya hango rami a gabanka, ya ja bakinsa, ya kira abin kawaici, bayan ka faɗa ya ce da ma ya gani. Ta so ta faɗa masa haka, amma sai ta tambayi kanta: da ya faɗa, da ta ji? Ita da ta taɓa ce masa cikin rediyonsa kamar sheƙar ɓera?

Da hantsi ta tafi wurin mai sayar da waya a ƙarshen layi.

"Wace kala, Injiniya?"

"Ba kala nake tambaya ba. Sili nawa ne a ciki?"

Ya yi dariya har da tafa cinya. "Shekara ashirin ina wannan sana'a, ba wanda ya taɓa sa ni ƙirga gashin waya. Waya ai waya ce."

"Miƙo dai."

Ta feɗe ta farko, ta kanga mata ɗan maganaɗisu, silin ya manne. Baƙin ƙarfe ne aka shafa wa launin jan ƙarfe. Ta biyu ta yi kauri, irin ta wutar gida, wadda za ta fizge ƙafar makunni. Ta uku ta kai wa robarta wutar ashana daga nesa, robar ta ja da baya kamar leda.

"Kowa ita yake saye, ba wanda ya dawo," in ji shi.

"Ba sa dawowa ne don sun ɗauka ƙaddara ce."

"Ke dai akwai ki da wa'azi. Allah ya ba mijinki haƙuri."

A can ƙasan kantar shagon, cikin ƙura, ta samo wani ƙullin waya kala-kala. Siririya ce, mai laushi, sili bakwai a ciki, jan ƙarfe na gaske. Ta lanƙwasa ta gaba da baya har yatsunta suka yi zafi, ba ta karye ba. Ta ɗauki kala uku, ja da baƙa da rawaya, don duk wanda ya buɗe akwatin wata rana ya gane hanya ko ba ita.

Kwana biyu tana aikin. Ta zare wayoyin nan masu kyan gani ɗaya bayan ɗaya. Kowace sabuwa ta bar mata ragowa kamar gaɓar yatsa. Cikin akwatin ya fito a hargitse, sak aikin Kawu, ba ta ɗauki hoto ba. Sannan ta ajiye shi a ƙasa, ta jona mitar gwada wuta, ta shiga takawa. Ƙas, ƙas, ƙas. Mai gyaran agogo na kusa ya leƙo ya ce, "Injiniya, kyankyasai kike kashewa?" Ba ta ɗago ba. Ta taka har ƙafar dama ta gaji, ta koma ta hagu. Allurar mita ba ta faɗi ba ko sau ɗaya.

Da la'asar ta hau benen da Yaya ke haya. Ta same shi zaune a bakin katifa yana guga. Jitar tana cikin jakarta a saman sif, ƙura ta kwanta a zif ɗin.

"Yaya, ina wuni."

"Lafiya, Auta."

"Laifina ne. Waya na zaɓa don kyau. Na sake duka."

Bai dubi akwatin ba. "Ajiye a can."

"Na taka shi ya fi sau dubu. Ka buɗe ka gani, ko ka..."

"Auta, na ce ki ajiye."

Ta ajiye shi kusa da ƙofa, gefen takalmansa. Ta tsaya ko zai ce ta zauna. Ya juya hannun riga ya ci gaba da guga.

Ta sauko matakala a hankali. Tana isa hawa na biyu ta ji ƙas. Ta tsaya, hannunta a kan ƙarfen bene. Ƙas, ƙas. Babu kiɗa, takun ne kawai, da ƙarfi, irin na mai neman abu ya karye. Ya daɗe yana yi. Sai shiru. Sai ƙarar zif.

Da muryar jitar ta fito, mai kauri, ta cika matakalar, ba ta koma sama ba, don ba a kira ta ba. Ta zauna a kan matakala mai sanyi, ita kaɗai, ta kasa kunne tana jiran inda sautin zai yanke. Aka gama waƙar farko. Aka shiga ta biyu.