Noti Huɗu da Dogo Ya Bari

"Riƙe nan, Tela. Ba nan ba, bawan Allah, can ƙarshen! Kai da kake zura zare a allura ba tabarau?"

Ina kwance a kan kwali a ƙarƙashin motar, ƙasa na zubo min a ido, hannuna biyu riƙe da wani lanƙwasasshen ƙarfe mai kaurin rake. Na bar wandon mutane a bakin keken ɗinki, ga ni ina aikin kanikanci da tsufana. Amma shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce tsakanin shagona da garejin Dogo, ban taɓa iya ce masa a'a ba.

Tsohon safiyo ne, mai awon filaye, kuma awon bai sake shi ba har bayan ritaya. Motar tasa wata 'yar ƙaramar ja ce mai kujera biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. In zai shiga sai ya naɗe kansa gida uku. Nakan ce masa, "Dogo, wannan shiga kake ko sakawa?"

Ƙarfen da muke ɗaurawa sitabilaiza ake ce masa, ɗaya gaba ɗaya baya. Shi ke haɗa ƙafar hagu da ta dama don kada mota ta kwanta gefe guda in ta shiga kwana. Na kamfani da ya ciro sirara ne, ya jingine su a bango. Waɗannan sababbin wata biyu ya yi yana jiran isowarsu.

"Wai tsere za ka shiga?" na tambaye shi.

"Auta za ta zo ranar Asabar."

Na san zancen. Shekara shida da suka wuce yana koya wa autarsa tuƙi a wannan motar, suka shiga wata kwana, motar ta kwanta, ta zame da su cikin kwalbati. Ba wanda ya ji ciwo. Amma a gaban mutanen da suka taru Dogo ya ce mata, "Ke ba za ki taɓa iya komai ba." Tun ranar ba ta sake taɓa ƙofar motar ba. Ta samu aiki a nesa, sai gaisuwar waya sama-sama. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, balle a samu mai shiga tsakani.

"Na koma kwanar nan da tef ɗin awo," in ji shi, yana shafa giris a jikin roba. "Na auna, na sake aunawa. Ba laifinta ba ne, Tela. Motar ce ke kwanciya."

"To ka faɗa mata mana! Bakinka ciwo yake?"

Ya jawo doguwar sifanarsa, mai yin ƙas idan noti ya kai ƙarfin da ake so. Duk wanda ya ɗaure sai ya ɗiga masa fenti rawaya. Na lura yana tsayawa tsakanin noti da noti yana dafe ƙirji, leɓensa ya yi fari. Da na yi magana ya ce ƙwannafi ne.

Huɗu ya bari ba ɗigo, na 'yan sandunan da ke haɗa bakin ƙarfen da ƙafafun mota.

"Waɗannan ba a ɗaure su jak na ɗage da mota sama," ya ce. "Sai ta tsaya da ƙafafunta, da nauyin mai tuƙi a kujera. In awo ya yi daidai, notin da kansa zai shige rami, ba dole. Auta za ta zauna, ni in ɗaure. Ka ji ko? Kada kowa ya fita da motar nan babu ɗigo huɗun nan."

"Ni kake bar wa wasiyya?"

"Kai ne a kusa."

Ranar Alhamis da hantsi na leƙa ta tagar garejin zan karɓi almakashina. Mutum biyu na gani zaune a motar, ba motsi. Sai da na goge gilashin na gane buhunan yashi ne, kowanne an ɗaura masa bel. Ƙarami a kujerar direba, babba a ta mai zaman banza. Ya sauke motar, tayoyinta a kan katakai masu kauri, ƙafafunsa kaɗai suka leƙo daga ƙarƙashinta. Wallahi ban ji daɗin ganin abin ba. Na koma ba almakashin.

Juma'a da safe ina kan keke na jiyo muryarsa ta katanga, ƙasa-ƙasa, da wani taushi da ban san shi da shi ba.

"A hankali. Saki birki. Yanzu shiga. Yauwa, 'yar albarka. Kin gani?"

Na ce a raina, to madalla, yau an yi waya mai tsawo. Na ci gaba da ɗinki. Sai da rana ta take na farga ban ji ƙarar sifana ko sau ɗaya ba.

A kujerar mai zaman banza na same shi. Ya sauke babban buhun ƙasa, ya zauna a wurinsa, ya tura kujerar baya iyakarta, ya ɗaura bel. Fuskarsa na juye wajen ƙaramin buhun. Wayarsa tana can kan benci, a kashe. Na kira sunansa sau uku kafin na taɓa hannunsa, na ji sanyi. Innalillahi.

Kafin yamma an kai shi. Auta ta iso Asabar, kamar yadda ta yi alkawari.

Da mutane suka ragu, bayan kwanaki, na ga ta tsaya a ƙofar garejin, ta harɗe hannu.

"Baba Tela, a samu mai ɗauke motar nan. Ba na son ganinta."

"Za a ɗauke. Amma akwai noti huɗu da ya bari, kuma ba sa ɗauruwa sai kin zauna."

"Ni?"

"Ke. Buhun can nauyinki ne."

Na faɗa mata komai, har tef ɗin da kwanar, har abin da na jiyo ta katanga. Na ji haushinsa ina faɗa, don shi ya kamata ya faɗa, ba tela ba. Ta daɗe tana kallon buhun. Sannan ta buɗe ƙofa, na sauke buhun, ta zauna, ta ɗora hannu a sitiyari.

Na shiga ƙasa da sifana da gwangwanin fenti. Na kama sandar farko, na kai notin bakin rami. Ya ƙi. Saura kamar faɗin farce. Na gwada na ɗaya gefen, shi ma haka. Dogo da kuskuren awo? Ina! Ina kwance ina kallon ramin nan sai na tuna babban buhun. Ba don ita kaɗai ya auna ba. Da shi a gefenta ya auna.

Idona ya cika. Na buɗe baki zan ce mata bari in fito in ɗora buhun.

Sai motar ta yi wani ɗan kuka, irin na tsohuwar kujera. A kan idona ɓangaren mai zaman banza ya sauko, sannu a hankali, ya tsaya. Notin da ke hannuna ya shige raminsa ba tare da na tura ba.

"Auta, kin motsa ne?"

"A'a, Baba."

"Wani ya shigo?"

"Ba kowa," ta ce. "Ka ɗaure kawai."

Daga baya wani bakanike ya ce min ai haka mota take, ƙafafunta kan zauna bayan an hau. Wataƙila. Ni dai tsigar jikina ta tashi, kuma ban leƙo ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙas. Ƙas. Ƙas. Ƙas. Kowanne na ɗiga masa rawaya, har fentin ya zubo min a hannun riga.

Na fito na buɗe mata ƙofofin garejin duka biyu. Ta tayar da motar, ta sauko daga kan katakan. A ƙarshen layinmu akwai kwana, nan titi ke lanƙwasa ya bi bayan gidaje. Ban ga jan fitilar birki ba. Ta shiga, motar ba ta kwanta ba.

Da ta dawo ta kashe injin. Jakarta tana kan cinyarta, ta ɗauka za ta ajiye a kujerar gefe, wadda har yanzu take ture can baya. Sai ta fasa, ta mayar da ita kan cinya.