Uwar Shafi

Auta ce ta kawo kwamfutar hannu shagon ɗinkin uwarta, tun kafin a yi mata aure. Uwar, Inna Tela, ba ta yi nisa a karatu ba. A bayan kwalin sabulu take rubuta awon mutane, kwali ya ɓace a yi ta rigima. Auta ta zauna a kan buhun ƙyallaye, ta buɗe manhajar rubutu, ta ja layuka da alƙalamin roba, ta rubuta da hannunta: wuya, kafaɗa, ƙirji, hannu, ƙugu, tsawo. A gefe ta zana wata mata mai ƙaton kai da siraran ƙafafu, ta ce wai Inna ce. Ta adana shi a matsayin samfuri. Duk lokacin da aka taɓa shi sai sabon shafi ya fito da rubutun nan da zanen nan, fes, yana jiran lambobi. Ta sa masa suna uwar shafi, tunda ita ke haifar sauran, ta kuma ja wa Inna kunne: ta rubuta abin da ta ga dama a jikin 'ya'yan, amma kada ta kuskura ta taɓa uwar.

Auta ba ta daɗe a gidan miji ba aka kawo gawarta. Mijin ya ce daga matakala ta faɗo. Inna na tsaye aka yi wa gawar wanka. Ta ga shatin bel a bayanta, sabo a kan tsoho, ta ga haƙarƙari ya lotsa. Dangi suka ce ta bar wa Allah. Inna ta koma shago.

Tun daga nan, kullum da safe kafin ta kunna keke, sai ta taɓa uwar shafi. Tsofaffin shafukan duk lambobin mutane sun cika su. Sabon ne take so, wanda ke fitowa kamar yanzu yarinyar ta ɗaga hannu daga kansa.

Wata rana da hantsi, tana guga, surukin nata, mijin Auta, ya shigo. Kayan gyaran babur yake sayarwa. Ya gaishe ta sama-sama, ya ce ya zo karɓar kwamfutar, kayan matarsa ce, shi ya gaje ta, kuma shagonsa na bukatarta. Inna ta ce masa kwamfutar ta riga shi zuwa gidan nan. Ya yi dariya, ya ɗauke ta daga kan tebur, ya zauna a kan buhun ƙyallayen.

"Inna, wannan ai wasan yara ne. Ji wani kai kamar tulu. Bari ki ga yadda ake tsara shafi."

Ya shiga cikin uwar shafin. Inna ta ga yatsansa ya bi ta kan wuya, kalmar ta ɓace. Ya bi ta kan kafaɗa, ita ma ta tafi. Ya ɗauki alƙalamin Auta ya rubuta burki, da manyan baƙaƙe karkatattu, ya rubuta sarƙa a ƙasa.

"Ɗauke hannunka," in ji ta.

Bai ko ɗago ba. Yatsan ya gangara kan ƙirji.

Dutsen guga na hannunta, bai huce ba. Ta ɗora masa shi a bayan hannu ta danne da duk nauyinta. Fata ta yi ƙara, ƙauri ya cika shagon. Ya kurma ihu ya fizge, kwamfutar ta faɗa cikin ƙyallaye. Da ɗaya hannun ya damƙi ɗankwalinta har da gashi, ya buga kanta a jikin keken ɗinki, ya sake bugawa. Ta ji haƙori ya karye a bakinta, jini ya rufe mata ido ɗaya. Ashe haka yake yi, ta ce a ranta. Ashe haka yarinyar ta ji.

Ya yar da ita ƙasa ya tattake mata ciki, yana zaginta, yana cewa da ita da 'yarta duk jinin taurin kai ne. Sai ya sunkuya zai ɗauki kwamfutar. Inna ta ja jiki ta kwanta a kanta. Ya yi ta haurinta a baya, ba ta motsa ba. Hannunta ya laluba ƙarƙashin tebur ya ci karo da babban almakashi. Ta soka masa a sha-raɓa, ta murɗa. Ya zube kan gwiwa, ya jawo labulen gwaji, labule da ƙarfensa suka rufto musu. Ta kama kunnensa da sauran haƙoranta, ba ta saki ba har sai da Mai Walda na shagon gaba ya shigo da mutane suka ɓamɓare su.

Aka ja shi waje yana jan ƙafa, yana rantsuwar sai ya sa an ɗaure ta. Mai Walda ya ce ya je ya kai ƙarar, su ma suna da tambaya kan matakalar gidansa. Bai dawo ba, ƙarar ma ba a ji ta ba.

Mai Kemis, maƙwabciyarta, ita ta wanke mata fuska ta ɗaure goshin. Inna ba ta bari an gama ba ta ce a miƙo mata kwamfutar. Gilashin ya tsage daga kusurwa. Ta goge jinin da gefen zani, ta taɓa uwar shafi. Sabon shafi ya fito. A sama burki da sarƙa, ƙirji saura rabi. Daga nan zuwa ƙasa hannun Auta ne, matar mai ƙaton kai ma tana nan.

Mai Kemis ta ce abu ne mai sauƙi, za ta shiga ta goge rubutun mutumin, ta kwafo na Auta daga wani tsohon shafi, ba za a gane ba. Inna ta tambaye ta ko sai an sake shiga cikin uwar. Ta ce e. Ta tambaye ta ko hannu na iya zamewa. Mai Kemis ta ce da wuya, amma ba za ta rantse ba.

"To, bar shi," in ji Inna. "Abin da ya rage ya ishe ni."

Bayan ta fara iya tsayuwa, wata mata ta kawo yadi. Inna ta buɗe shafi, ta zagaya mata tef a wuya, ta rubuta lambar a gaban burki. Matar ta leƙo ta ce, "Inna, burki kuma? Ni babur ce?"

"Juyo in auna kafaɗa," in ji Inna.